Ma'aunin Anti Kwano

Ni dai a ma'aikatarmu Barkono suke ce mini, kuma ba zan ce sun yi mini ƙazafi ba. Bakina ba shi da linzami, in abu ya ɓata mini rai sai na amayar da shi nake samun sauƙi. To amma duk zafin nan nawa, akwai mutum ɗaya da in ta ɗago ido ta kalle ni nake yin laƙwas, ita ce Anti Kwano. Labarinta zan ba ku, don wallahi irinta ba su da yawa, ita kuma ba mai faɗin kanta ba ce.

Kwali muke yi. Takarda ake kawo mana a naɗe, kowane naɗi ya kai ƙaramar mota nauyi. Ƙugiya ce ke ɗauko shi daga bakin ƙofa, ta bi da shi ta saman kawunanmu har zuwa injin yanka. Daga nan a yanka, a buga masa rubutu, a lanƙwasa, sannan ya iso wurinmu mu 'yan gam mu liƙe. Ƙugiyar nan a jikin rufi take tafiya, mai tuƙa ta yana zaune can sama cikin wani ɗan akurki na gilashi, sai ya hau dogon tsani kafin ya kai. Wanda ke zama a akurkin nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Dogo. Ku riƙe shi a ranku, zan dawo kansa.

Anti Kwano ita ce jami'ar kiyaye haɗari. Hular kwano ce ta jawo mata sunan, don babu wanda ya taɓa ganin ta ba hular nan a kan ɗankwalinta, har samarin wurin suna cewa da ita take kwana. Gajeruwa ce kakkaura, tafiyarta a hankali, usur rataye a wuya. In ta ga mutum ya tsallake layin rawayan da ke bakin filin aiki ba takalmin aiki, ba ta faɗa, ba ta zagi. Busa usur kawai take yi ta nuna masa ƙofa, da hannunta na dama mai yatsu uku.

Yatsun nan biyu a wurin nan ta bar su. Tun tana budurwa ta fara aiki a injin yanka, lokacin ni ko makaranta ban shiga ba. Wata rana ta ji marfin da ke rufe wuƙar yana kaɗawa, ƙusarsa ta kwance. Ta ji da kunnenta, ta kuma gani da idonta. To amma a makon nan shugaban sashensu ya tsige wani dattijo tas a gaban jama'a, don kawai ya ce injinsa na wani irin ƙara. Ya ce masa in tsoro yake ji ya koma gida ya yi renon jikoki. Sai ta haɗiye maganarta, ta ce bari dai a tashi aiki tukuna. Ba a kai ga tashi ba marfin ya fita.

Da bakinta ta ba ni labarin nan muna shan shayi, ba kuka ba komai, tana juya cokali da yatsu ukun. Ta ce, "Barkono, mutane suna cewa wuƙa ce ta cire mini yatsu. Ni na san shirun da na yi ne."

Wata da ta koma gida ta naɗe hannu ta zauna, kuma babu mai ganin laifinta. Ita kuwa sai ta shiga makarantar yamma, da goyo a bayanta. Mijinta tela ne, mutum mai sanyin hali, shi ke kai ta a keke ya jira ta a bakin ƙofa yana ɗinkin hannu. Ta sake koyon riƙe alƙalami tun daga farko kamar 'yar aji ɗaya. Ta yi ta faɗuwa jarrabawa tana sakewa har ta samu takardar shaidar aikin kiyaye haɗari, ta dawo ma'aikatar da ta ci mata yatsu ta ce aiki take nema. Tun daga ranar babu wanda ya sake barin ko farce a injin yanka.

Ana nan, wata shekara sai babban ofis ya aiko da sabon zance. Wai ba hula da takalmi kaɗai ba, yanzu har hankali da zuciyar ma'aikata za a riƙa aunawa: ko aiki ya yi wa mutum yawa, ko ana wulaƙanta shi, ko yana iya buɗe baki in ya ga ba daidai ba. Muka ce ikon Allah, zuciya kuma ta zama buhun siminti da za a ɗora a sikeli? Suka turo wata yarinya mai tabarau, mai ladabi, muka sa mata 'Yar Ofis. Ta raba mana tambayoyi, ta yi ta rantsuwa ba a rubuta suna, babu mai sanin wanda ya ce me.

Wa ya ga mahaukaci? Kafin a dawo daga hutun rana magana ta zaga cewa tarkon rage ma'aikata ne, duk wanda ya ce ya gaji shi za a fara sallama. Sai kowa ya bi layi ɗaya. Kana jin daɗin aikinka? Ƙwarai. Ana yi maka tsawa? Ko kusa. Kana samun barci? Har da minshari. Ni kaina da ake wa kirari da baki, haka na cike tawa.

Sakamako ya fito, wai duk rassan kamfanin mu ne muka fi kowa kwanciyar hankali. Manaja har da yi mana jawabin godiya. Ranar ina wanke gam a famfon da ke kusa da ɗakin cin abinci, na ji 'Yar Ofis tana ce wa Anti, "Anti, ni fa sakamakon nan tsoro yake ba ni. Ban taɓa ganin wurin da mutane ke da yawa haka, a ce babu ko mai ciwon kai ɗaya ba."

Anti ta ce, "Kin yi gaskiya, 'yata. Tambayoyinki ba su da laifi. Sai dai mai tsoro ko takarda aka ba shi tsoronsa yake rubutawa. Bari mu fara auna tsoron tukuna, in ya ragu sai ki dawo da su."

"Da me ake auna tsoro, Anti?"

"Da kan Manaja," in ji ta.

Ni dai na ɗauka wasa take yi. Ashe da gaske ne. Yadda ta shawo kansa ban sani ba, amma bayan kwana biyu, da hantsi, ta sa Yaya Dogo ya tsayar da ƙugiya wai za a sa mata man giris. Can sai ga Manaja ya tsallake layin rawaya, kai a buɗe, sanƙonsa sai ƙyalli yake. Ya ratsa ta gaban 'yan yanka, ya tsaya wurin 'yan bugu yana tambayar aiki, ya iso wurinmu. Kowa ya gani. Wallahi har makaho ya gani. A wurin da ake korar lebura gida saboda hula! Ni da bakin nan nawa na rusuna na ce, "Barka da fitowa, ranka ya daɗe." Ya amsa, ya wuce har ƙarshen ginin ya fita ta ƙofar baya.

Da aka fita hutu Anti ta busa usur ta tara mu, Manaja na tsaye a gefenta, yanzu kam da hularsa. Ta ce, "Wa ya ga kan Manaja yau?" Muka ɗaga hannu muna 'yar dariya. Ta ce, "To wa ya yi masa magana?" Hannuwa suka sauka. Ka ji wurin tsit, sai ƙarar fanka.

Ta ce, "Wannan shi ne awonmu na gaskiya. Wancan na takarda gaisuwa ce kawai muka yi."

Manaja ya share zufa ya ce, "Wato da ƙarfe ya faɗo mini, sai dai ku taru ku ce Allah ya jiƙan rai?" Aka yi dariya, amma irin wadda ba ta kai ciki ba. Ni kam kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi.

Daga nan fa Anti ta buɗe mana shafin tarko. Yau ta sa a jibge kwali a bakin ƙofar gudun gobara ta koma gefe tana kallo. Gobe ita da kanta ta shigo da silifa. Jibi ta sa akanta, mai lissafin kuɗinmu, ya ratso wurin aiki yana latsa waya. Duk wanda ya yi magana, sai ta busa usur, ta kira shi, ta yi masa godiya a gaban kowa kamar ya ciyo kofi. In babu wanda ya tanka, ba ta fushi, sai ta faɗa mana da yamma cewa yau tarko ya kwana da yunwa. A hankali aka fara yi mata magana ita, don ita ba a jin tsoronta sosai. Sannan aka fara yi wa akanta.

Manaja kuwa, ni na fara tare shi, kuma ina alfahari da abina. Ya sake shigowa ba hula, na ajiye burushin gam na ce, "Ranka ya daɗe, kan nan naka fa ba na ƙarfe ba ne, koma ka ɗauko hula!" Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Ya tsaya, ya dube ni, ya ce, "Na gode," ya juya. Wurin ya kaure da ihu, wani yana cewa yau dai bakin Barkono ya yi rana. Anti ta zo ta dafa kafaɗata ta ce, "Saura ki koyi faɗa ba tare da kin tsinka wa mutum dodon kunne ba."

Mutum ɗaya ne ya gagara, shi ne mai kula da mu a filin aiki, wanda muke kira Oga Tsawa a bayan idonsa. Shi ma a da direban ƙugiya ne, aka ƙara masa girma, ya yi tumbi, ya yi murya. In ya buɗe maƙogwaro har injin yanka sai ya saurara. Ba ya duka, ba ya korar kowa, amma zai kira ka rago a gaban yaran da ka haifa. Ko da ƙafa ba takalmi ya shigo babu mai ce masa uffan, har ni.

Abin da ya ba mu haushi, sai muka ga Anti tana kai masa shayi tana zama da shi. Na same ta na ce, "Haba Anti, wannan mugun? Fadanci kika fara?" Ta harare ni ta ce, "Shi ba ma'aikaci ba ne? Shi ma yana cikin awona. Kin taɓa lura da sau nawa wayarsa ke ƙara daga sama kafin azahar? Kin ga ƙwayar gyambon cikin da yake taunawa kamar alewa? Wanda ake takawa daga sama, na ƙasa da shi yake takawa." Na ce ni dai ban ga abin tausayi ba. Ta ce ba tausayi ta ce in ji ba, lura ta ce in yi.

A ranar ne kuma ta faɗa mini wata magana da ban gane ba sai daga baya. Ta ce, "Tuna wa Manaja hularsa ai mai sauƙi ne, kan wani ne. Ranar da mutum zai tsaya a gaban Tsawa ya ce ni yau ban da lafiyar yin aikin nan, ranar ce zan ce ma'aunina ya motsa."

To, mu dawo kan Yaya Dogo.

Da damina matarsa ta rasu, ciwon 'yan kwanaki, Allah ya jiƙanta. Ta bar masa yara huɗu, na ɗauki ƙaramar na haɗa da nawa. Yaya dama ba mai magana ba ne, ni na kwashe rabonsa na surutu tun a ciki. Ana gama zaman makoki ya koma aiki, ko hawaye ɗaya ban ga ya zubar ba, mutane suna ta yaba dauriyarsa. Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Ya rame, idanunsa suka faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Babbar 'yarsa ta ce mini, "Gwaggo, Baba fa ba ya barci, in na farka sai in gan shi zaune a tsakar gida." Ka yi masa magana sai ka maimaita. Ya manta kwanon abincinsa, ya manta makullin gida, wata rana har ya wuce ƙofar ma'aikata bai sani ba.

Sai ranar da naɗin takarda ya yi lilo a sama ya daki ginshiƙi, gum! Ƙura ta zubo mana daga rufi. Mutum biyu sun bar gindin ginshiƙin nan ke nan, ko taku goma ba su yi ba. Yaya ya ce birki ne ya ƙi kamawa. Makaniki ya hau ya duba ya ce birki lafiyarsa ƙalau. Oga Tsawa ya yi masa wankin babban bargo, aka ci gaba da aiki. Ni kuwa na san ba birki ba ne.

Da aka tashi na tare shi a bakin titi na ce, "Yaya, don girman Allah ka faɗa musu."

Ya ce, "In faɗa musu me? In ce kaina ya taɓu? Wa zai bar mai taɓin kai a kan ƙugiya? In sun sallame ni, ke za ki riƙe yaran duka?"

"To in ka sako wa wani naɗin nan a ka fa?"

Ya ce, "Kada ki kuskura ki kai maganata wurin kowa. In kin yi, ba ni ba ke."

Kun ji tsaka mai wuya. In na yi magana, aikin yayana da abincin marayu. In na yi shiru, ran wani, mai yiwuwa ma nawa, don ni ma a ƙarƙashin ƙugiyar nan nake wuni. Na tsaya a bakin titin nan har ya shige, raina a jagule, sannan na juya na koma ciki. Anti na ɗan ɗakinta tana jera tukwanen kashe gobara da aka dawo da su daga cikawa. Ban gama buɗe baki ba kuka ya ƙwace mini.

Ta ba ni kujera ta ce, "Na sani. Tun makon jiya nake kallon yadda yake sauke kaya. Dogon da ke ajiye naɗi kamar mai kwantar da jariri, yanzu sai ya dangwarar. Share hawayenki, ban ji komai daga bakinki ba. Ki tafi gida, ni Manaja zan gani."

Washegari da safe, kafin a kunna inji, Manaja ya tsaya da kansa ya yi sanarwa. Ya ce daga yau duk wanda ya ji ba zai iya aikin inji ba, ko don ciwo, ko rashin barci, ko damuwar gida, ya faɗa. Za a ba shi aikin ƙasa, ba za a taɓa masa albashi ba, ba za a zage shi ba, in yana son ganin likita a kai shi. Oga Tsawa ya yi tsaki ya ce, a inda kowa zai ji, "To, madalla, ma'aikata ta zama asibiti." Da jin haka kowa ya san inda aka dosa. Muka ce wannan ma irin ta takardar nan ce.

Anti ta tare Yaya a gindin tsani. Ni kuma na ƙirƙiri neman bokiti a kusa, don kunnena ba ya zama wuri ɗaya. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Dogo, ba zan ɓoye maka ba. Ina da ikon hana ka hawa yanzun nan. Amma in ni na hana ka, za a ce an sauke ka ne bayan ka daki ginshiƙi, kuma wanda aka sauke haka da wuya ya sake hawa. In kai ka sauko da bakinka, cewa za a yi ka kare mutane, kujerarka kuma tana jiranka."

Bai dube ta ba ya ce, "Lafiyata ƙalau, Anti."

Ta ce, "To hau. Na kwashe kowa daga hanyarka, babu mai gilmawa ta ƙarƙashinka yau. Ni kuma ga ni a jikin jan maɓalli. In na ga kaya ya karkace ko da kamu ɗaya zan danna, in na danna kuwa ka san shi ke nan."

Jan maɓallin nan a jikin ginshiƙin tsakiya yake, in aka danna shi ƙugiya ƙamewa take yi a inda take. Anti ta je ta tsaya, ta ɗora yatsunta uku a kai. Yaya ya hau.

Ranar kuwa kamar da gayya, babban aiki ne ya shigo. Manyan motoci sun yi layi a waje, direbobi na ta hon. Ga Anti ta sa masu tura kaya zagaye mai nisa, aiki na tafiyar hawainiya. Oga Tsawa sai kai da kawowa yake kamar zai tashi sama, waya a kunne, yana "E yallaɓai, yanzu yallaɓai," in ya sauke ya juye mana. Ni gam nake shafawa amma idona na sama, rabin kwalayen da na liƙe ranar a karkace suka fito.

Yaya ya kai 'yan naɗi lafiya. Can wajen hantsi ya ɗauko wani, ya taho da shi har tsakiyar ginin, sai ƙugiya ta tsaya cak. Na dubi Anti, na ga ba ita ta danna ba, hannunta na nan a sama-sama. Naɗin na rataye, yana ɗan juyawa.

Oga Tsawa ya daka tsawa, "Kai Dogo! Barci kake yi?"

Sai naɗin ya fara saukowa a hankali, a hankali, har ya zauna a ƙasa ko ƙara bai yi ba, irin saukewarsa ta da. Ƙofar akurki ta buɗe. Yaya ya juyo da baya ya fara sauko da tsani. 'Yan yanka suka kashe injinsu, 'yan bugu suka bi, wurin ya yi shirun da ban taɓa ji ba tun da na fara aiki.

Oga Tsawa ya tare shi a ƙasa, jijiyar wuyansa a miƙe. "Uban me ya sauko da kai? Ba ka ga motoci a waje ba?"

Yaya ya tsaya, kowa na kallonsa. Ya ce, "Oga, yau ba zan iya ba." Ya ci gaba da cewa, "Tun da maman yara ta rasu ban yi barcin kirki ba. Yanzu ina sama na ga ginshiƙin nan ya zama biyu, ban san wanda zan kauce wa ba. Jiya ma ba birki ba ne, ni ne. Tsoro nake ji kada in kashe wani." Muryarsa ta karye a nan, ya sa bayan hannu ya rufe ido. Yayana da ko a maƙabarta bai yi kuka ba.

Wallahi na riga na tanadi zagin da zan yi wa Oga Tsawa, na ce in ya taɓa shi yau sai dai a kore mu tare. Oga Tsawa ya buɗe baki. Wayarsa ta hau ƙara a aljihu. Ya dubi ƙofa inda motoci suke, ya dubi Yaya, ya waiwaya ya dubi Anti. Ita kuwa ko motsi ba ta yi ba, kallonsa kawai take yi irin na wadda ta sha shayi da mutum ta san cikinsa. Ya ciro wayar, ya kashe ta gaba ɗaya, ya mayar aljihu.

Ya ce, "Ba ni safar hannun." Yaya ya cire ya miƙa masa. "Je ka zauna. Ai da sai ka faɗa tun tuni."

Bakina ya riga ni. Na ce, "A faɗa wa wa? Kai?"

Ya juyo, na ce yau na jawo wa kaina. Sai ya girgiza kai ya ce, "Barkono, yau dai ki bar ni haka." Ya gyara igiyar hularsa, ya kama tsani, ya fara hawa da tumbinsa yana haki. Rabon da ya hau tun kafin a ɗauke ni aiki. Shi ya tuƙa ƙugiyar nan har aka sallami mota ta ƙarshe, kuma in faɗi gaskiya, hannunsa bai manta ba.

Ba a kori Yaya ba. Aka ba shi aikin duba kwali a ƙasa, Anti da kanta ta raka shi wurin likita ranar farko, don ta san in an bar shi zai zille. A hankali barci ya dawo masa, ya fara cin abinci, ya fara yi wa yara faɗa, wanda a wurina shi ne babbar alamar sauƙi. Kafin wata damina ya koma akurkinsa. Oga Tsawa bai zama waliyyi ba, kada in yi muku ƙarya, har gobe yana ihu. Amma bayan Yaya wasu ma sun sauko da bakinsu, kuma bai kira ko ɗaya rago ba. Da 'Yar Ofis ta dawo da tambayoyinta, muka zazzage mata cikinmu: mai ciwon baya, mai jin haushin canjin aiki, mai cewa ana yi masa tsawa. Muka faɗo daga na ɗaya muka koma can tsakiya. Manaja ya ɓata fuska, ita kuwa da Anti sai murna suke kamar an yi musu haihuwa.

Anti ta yi ritaya yanzu, tana gida tana taya mijinta sa maɓallin riga, in na je gaishe ta sai ta tambaye ni ko har yanzu ana tare Manaja. Amma duk lokacin da na tuna da ita, ranar nan nake gani. Oga Tsawa na tsakiyar tsani, Yaya na zaune a kan wani kwali ya sunkuyar da kai, kowa ya rasa abin yi. Sai Anti ta ɗauke hannunta daga jan maɓalli, ta fara tafi ita kaɗai. Tafin nata ba ya fita sosai, wani ɓaf-ɓaf yake yi saboda hannun bai cika ba. 'Yan yanka suka kama, mu ma muka kama, har direbobin waje suka leƙo suna tambayar me aka samu.

Na matsa kusa da ita, na ga hawaye na bin kumatunta har cikin igiyar hula. Ban taɓa ganin ta tana kuka ba. Na ce, "Anti, lafiya?"

Ba ta daina tafin ba ta ce, "Kin ji shi, Barkono? Yau ba zan iya ba. Maganar ko numfashi ɗaya ba ta kai ba. Da na samu inda zan faɗi irinta a wancan lokacin, da yau da yatsu goma zan tafa masa."